Ɗan Fari Bai Shiga Fom Ba

Ranar Talata da hantsi, saura kwana biyu a rufe karɓar takardu, Farfesa Nana Hadiza Gali ta sa yatsa biyu ta turo wa Dakta Dije Umar aikinta na wata goma sha huɗu, ta ce ba za ta sa masa hannu ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta faɗa ne kamar mai cewa a rufe mata taga.

Dije ta tsaya ƙiƙam, mayafinta ya zame daga kafaɗa ba ta ma sani ba. Wannan sa hannun shi kaɗai ya rage mata. Akwai wani shiri na shekara biyu da ake horar da ƙananan malaman jami'a a kan binciken lafiyar mata, mutum shida kacal ake ɗauka, kuma sai mai nema ya haɗa da rahoton bincikensa da sa hannun babban malamin da ya raine shi. Sharaɗin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne ba a ɗaukar wanda ya cika arba'in, ita kuwa wata uku ya rage mata. In ƙarfe huɗun ranar Alhamis ta wuce, shi ke nan har abada. Sai ta ci gaba da zama inda ta yi shekara tara a sashen lafiyar al'umma, ga aji mai mutum ɗari uku, ga tarin takardun jarrabawa, ga waɗanda ta koyar suna zuwa suna wuce ta a matsayi, har su riƙa ce mata "Anti, sannu da ƙoƙari."

"Ranki ya daɗe, me aikin ya yi?"

"Zauna."

"Na fi jin daɗin tsayuwar."

Sai a nan Farfesa ta ɗago ta kalle ta ta saman tabarau. Mace ce siririya da ta haura sittin, haifaffiyar Gwammaja, wadda duk sashen suka fi tsoron jan bironta a kan shugaban jami'a. Ita ta ɗauki Dije tun tana sabuwa, ta koya mata yadda ake tsara bincike, ta sha yaga mata rubutu ta ce a sake. Dije ta shanye duk wannan, don ta san a hannun gwana take.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne, duk wanda ya ce ƙarami ne bai taɓa shiga lungunan Madabo da damina ba. Masu jego ɗari huɗu Dije ta bi gida-gida a Madabo da Gwammaja, ta auna musu jini, ta duba kumburin ƙafa, ta tambaye su batun wankan jego da kunun kanwa, waɗanda ta ga suna haki ta tura su asibiti a yi musu hoton zuciya. Hamsin da biyu aka samu zuciyarsu ta yi rauni bayan haihuwa, talatin da huɗu daga cikinsu masu haihuwar fari. Don haka rahoton ya ƙare da shawarar cewa asibitocin unguwa, tunda ma'aikatansu ba su da yawa, su fara sa ido a kan masu haihuwar fari kafin kowa.

"Talatin da huɗun nan naki," in ji Farfesa, "nawa kika tarar suna wanka a gidan miji?"

Akwai gurbin wannan tambayar a fom ɗin da Dije ta cike wa kowace mai jego, amma ba ta taɓa haɗa shi da komai ba.

"Ashirin da uku. Jiya na ƙirga da hannuna. Ke 'yar birni ce ko baƙuwa? Yarinya ta yi haihuwar fari a Madabo, uwarta na da rai a Gwammaja, a ce ba ta tafi wankan gida ba?"

"Zamani ya canja, ranki ya daɗe. Ba kowa ke tafiya ba yanzu."

"Biyar ba su tafi ba, na yarda. Takwas ma na yarda. Ashirin da uku fa? Ruwa ba ya tsami banza. Gobe ƙarfe goma ki same ni a bakin kasuwar Kurmi, ki zaɓo fom biyar daga cikinsu da kanki, kada ki ce ni na zaɓa."

Dije ta kwashi takardunta ta fito, zuciyarta na tafasa. Sati bakwai rahoton nan ya yi a kan teburin matar nan. Sati bakwai! Yau tana Abuja, gobe ta haye jirgi ta tafi taro, jibi an kira ta ta ba da lacca a kan muhimmancin rainon ƙananan malamai, aikin wadda ake raino kuwa yana nan an ɗora masa kofin shayi. Sai da ya rage kwana biyu za ta tuna da ƙirge. A cikin adaidaita sahu Dije ta yi ta shirya maganganun da za ta gaya mata, masu zafi, ɗaya bayan ɗaya, har mai adaidaitan ya waiwayo ya ce, "Hajiya, da ni kike?"

Washegari suka haɗu ba wata doguwar gaisuwa. Farfesa ta bar motarta a bakin kasuwa, suka kutsa da ƙafa, Dije a gaba don ita ta san gidajen. Fom na farko na wata Ladidi ne, shekara ashirin da shida, ɗaya daga cikin waɗanda ciwon ya fi jigatawa. Suka yi sallama a soro, suka tarar da uwar mijinta, 'Yardada, a tsakar gida tana tsinke zogale a faifai. Tsohuwar ta gane Dije nan take, ta yi ta sa mata albarka, don ita ta matsa aka kai Ladidi asibiti lokacin da kowa ke cewa gajiyar jego ce.

Ladidi ta fito da goyon Yusuf, ya yi wata tara. Ta rame, ƙafarta da sauran kumburi, in ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta ja numfashi. Ta durƙusa daga gefen tabarma, nesa kaɗan da surukarta.

"Yi mata tambayar yadda kika yi wancan karon," in ji Farfesa.

Dije ta buɗe fom da ƙarfi har takardar ta yi ƙara. "Ladidi, haihuwarki nawa?"

Ladidi ta sunkuyar da kai, ta taɓa ƙafar yaron da ke bayanta. "Wannan ne dai."

Dije ta juya ta kalli Farfesa, kallon da ke cewa to kin ji. Ita kuwa ko a jikinta. Ta zare takalmi ta zauna kusa da 'Yardada, ta ja faifan ta shiga taya ta tsinkar zogale, suka taɓa hirar tsadar ƙuli da ciwon gwiwa. Can sai ta ce, kamar abin da ta daɗe da sani, "Hajiya, babban fa? Wajenki yake ko dangin uwarsa na Gwammaja sun karɓe?"

"Muhammad Auwal? Ai tun yaye kakarsa ta wajen uwa ta ƙwace, wai ni na cika ba shi alewa. Yana can, har ya shiga aji biyu."

"Sai wannan ke bi masa?"

"A'a, akwai 'yar da ta koma a tsakani. Kwana huɗu ta yi, ko suna ba a yi ba. Allah bai yi ta mai zama ba."

Ladidi ta miƙe sumui-sumui ta shige ɗaki ta saki labule.

Haihuwa uku. A fom an rubuta ɗaya, da hannun Dije, da biron Dije. Dije ta ce, "Amma Inna, da na tambaye ta, sau biyu ke nan, me ya sa ba ta faɗa ba?"

'Yardada ta ajiye zogalen ta dube ta sama da ƙasa. "A gabana? Ta buɗe baki a gaban uwar mijinta ta ƙirga ɗan fari? Ai ba mara kunya muka auro ba. Wadda ta koma kuma, wa ke tono ta? Ke Likita, taki uwar tana kama sunan ɗanta na fari?"

Ba ta kamawa. Shekara arba'in da biyar Yaya Bashir ya yi a duniya, Dije ba ta taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsu ba, sai dai "wancan yaron", shi da har ya yi furfura. In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'ya, daga na biyu take farawa. A cikin wannan Dije ta tashi, ta san shi kamar yunwar cikinta. Amma ranar da ta rataya jakar awo ta ɗauki fom, sai ta bar duk abin da ta sani a gida, ta shiga gidajen mutane tana rubuta abin da aka ce mata kamar wadda ta sauka daga jirgi jiya.

Suka shiga sauran gidaje huɗun. Ɗaya ce kawai haihuwar farin tata ta tabbata. Ukun kuwa duk kanwar ja ce: wannan nata yana wajen goggonta a Fagge, waccan biyu ta binne kafin wannan, ta ƙarshen ma 'yar farinta ce ta kawo musu ruwa a kofi. Kafin azahar sakamakon wata goma sha huɗu ya rushe, kuma babu yadda za a yi a sake zaga gida ɗari huɗu kafin gobe ƙarfe huɗu.

Suka fito bakin Kurmi. Farfesa ta ciro makullin mota, ta ce, "Kin ga abin da nake gaya muku kullum. Fom ba ya tunani, mai riƙe da shi ne zai..."

"Fom ɗin wa?"

Farfesa ta tsaya.

"Na ce fom ɗin wa, ranki ya daɗe?" Dije ba ta san muryarta ta kai haka ba sai da wani mai kayan yaji ya leƙo daga rumfarsa. "Ranar da na fara aikin nan, ke kika ba ni shi. Kika ce kada in canja ko wasali, don a iya gwada sakamakona da naki na shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ke kika rubuta a samansa cewa a yi tambaya a tsakar gida, a gaban babbar macen gidan, don a samu yardarsu. Naki binciken ma abin da ya ce ke nan, masu haihuwar fari suka fi kamuwa. Da shi aka san ki. Da shi kika zama farfesa. Ni ma shi na kafa hujja da shi a shafi na biyu!"

"Rage murya, Dije, a kasuwa muke."

"Ba zan rage ba. Tambayar da kika yi wa tsohuwar nan, ba yau kika ƙirƙire ta ba. Kin san inda za ki taɓa. Kin sani, ko ba ki sani ba?"

Makullin ya yi ƙara a hannun Farfesa. Ta kalli titi, ta kalli ƙasa. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya. Wata ungozoma ce ta yi min dariya a wajen taro, ta ce Likita, ku da kuke tambayar mace a gaban suruka. Na koma na duba wasu, na ga haka ne. Na rubuta wa mujallar wasiƙar gyara. Ban aika ba. Na yi ta cewa gobe. Daga baya na ce wa kaina kuskuren bai kai ya kawo ba, 'yan kaɗan ne. Ranar da kika zo neman fom ina saurin kama jirgi, na turo miki ban ko buɗe shi ba. Sai shekaranjiya da na zauna da naki na ga girmansa."

Dije ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Lallai laifi tudu ne. Matar da ta yaga mata babi guda saboda ta manta shekarar wata mujalla, ita ce ta kwana shekara goma sha ɗaya a kan wannan, tana yawo ƙasa-ƙasa ana tafa mata.

"To tunda ke kin ci da shi, ni ma sa min hannu in ci. In na shiga shirin sai in gyara."

"Ba zan sa ba."

"Saboda me? Naki halal ne, nawa haram?"

"Saboda na san abin da ake ji in an ce za a gyara daga baya."

"In kura na maganin zawo ta yi wa kanta," in ji Dije. Ba ta taɓa gaya wa na gaba da ita magana irin wannan ba, kuma ba ta ji nadama ba. Ta juya ta tare adaidaita, ta bar ta nan tsaye.

Ranar Alhamis labarin ƙin sa hannun ya riga ya zaga sashen, don bangon ofisoshinsu na katako ne. Wajen ƙarfe biyu da rabi shugaban sashe, Farfesa Yero, ya aika a kira ta. Mutum ne mai fara'a, mai son a rabu lafiya, wanda tunda ya hau kujerar ba a taɓa kama shi yana karanta abin da zai sa wa hannu ba. Ya nuna mata wani ɗan layi a ƙasan takardar neman shiga shirin: in malamin da ya raini mai nema ba ya nan, shugaban sashe na iya sa hannu a madadinsa.

"Sai mu ce ta yi tafiya," ya ce yana murmushi. "Ai kullum a tafiye take, ba mu yi ƙarya da yawa ba. Dakta Dije, kowane bincike da ɗan ramin da ke cikinsa. Wa zai taso daga wata ƙasa ya zo Madabo ƙirga 'ya'yan mutane? Ke dai ki shiga, sashen ma ya samu suna. Kawo."

Ta miƙa masa. Wallahi ta miƙa masa, kuma ta ji daɗi da ya cire murfin biro. Shekara tara ba kwana tara ba ce, ba ita ta tsara tambayar ba, ba ita ta ɓoye gyaran ba, don me za a ce ita ce za ta ɗauki dukan? Ya buɗe shafin ƙarshe yana neman inda zai sa hannu, sai idonta ya faɗa a kan layin da ke sama da wurin, wanda ta fi alfahari da shi a duk rahoton: a fara sa ido a kan masu haihuwar fari kafin kowa. A asibiti ba a gaban suruka ake tambaya ba, kati ne a hannun ma'aikaciya, kuma katin irin su Ladidi haihuwa uku zai nuna. Ke nan ranar da mai irin ciwonta ta je tana haki, sai a ce ta koma bayan layi, bincike ya nuna ba ita ce abin ji ba. Binciken Dakta Dije Umar.

Ta ji haushin Ladidi da kunyarta, ta ji haushin 'Yardada, ta ji haushin wannan bawan Allah da murmushinsa, ta fi jin haushin kanta da ta kasa kawar da kai na minti ɗaya tak.

"Ranka ya daɗe, ba ni."

"Ban sa ba tukuna."

"Na gani. Ba ni."

Ta zare takardar daga ƙarƙashin bironsa ta fita, yana kiran sunanta.

Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa Nana Hadiza ba, tura ta kawai ta yi. Uku da rabi ta gota. Ta same ta zaune ba ta aikin komai, ta cire tabarau, idonta ya faɗa. Dije ta jefa rahoton a kan tebur.

"Yero ya so ya sa min. Na hana shi. Kada ki ce min komai, kada ki ce kin yi alfahari da ni, in kika faɗa zan yi abin da ba shi da kyau. Ina wasiƙar?"

Farfesa ta jawo kwamfutarta, ta daɗe tana nema, ta juyo mata da ita. Shafi ɗaya da rabi ce, an rubuta ta tsaf, babu kwana-kwana, ta bayyana yadda aka yi tambayar da abin da ya sa amsar ba abin dogaro ba ce. Kwanan watan da ke samanta ya girmi 'yar autar Dije.

"Canja kwanan watan."

Ta canja.

"Ƙara cewa kin ba ɗalibarki fom ɗin bayan kin sani."

"Dije..."

"Ƙara."

Farfesa ta shiga rubutawa, sau uku tana goge kalma ɗaya. Ta gama, ta nemo adireshin editan mujallar, ta tsaya hannunta a sama. Wannan shi ne aikin da ake kiranta taro saboda shi, shi ake karantawa in za a gabatar da ita. Dije ta ga duk wannan a fuskarta, ba ta kuma ji tausayinta ba ko na ƙwayar zarra. Farfesa ta yi bismillah a hankali ta danna. Saura minti takwas huɗu ta cika.

Dije ba ta tafi ba. Ta tsaya a kanta, ta harɗe hannu, ta zuba wa agogon bango ido, ba don komai ba sai don matar nan ta ga wucewar lokacin da idonta. A waje ɗalibai na ta dariya a baranda, wani na kiran wani ya zo su tafi masallaci. Dogon hannun agogon ya hau sha biyu, ya ɗan tsaya, ya gota. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi, ba ta share ba.

"Ki yafe min," in ji Farfesa.

Dije ta ɗauki rahotonta, ta gyara mayafi.

"Ba yau ba, ranki ya daɗe," ta ce, ta ja mata ƙofar.